Kwana biyar da ajiye sigari, jikina ya ƙi daɗi: ina neman shawara

Manomin rani, daga wajen Kura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 41, kuma na yi shekara 19 ina shan sigari, kwali ɗaya a rana. Ranar Juma'ar da ta wuce na ajiye ta. 'Yar autata ce mai shekara huɗu ta yi ta tari da dare, da muka kai ta asibiti ma'aikaciyar ta tambaye ni ko akwai mai shan taba a gidan. Na kasa ɗaga kai. Muna fitowa na jefa ragowar kwalin a kwata.

Yau kwana biyar, kuma wallahi ban zaci haka abin yake ba. Barci ya ƙaurace mini, sai in yi ta juyi har kiran assalatu. Kaina na sarawa, ga ci kamar gara. Abin da ya fi damuna shi ne fushi. Jiya injin ban ruwa ya ƙi tashi, na daka wa yaron da ke taya ni aiki tsawa har ya yi hawaye, alhali bai yi mini komai ba. Maiɗakina ma ta fara kaffa-kaffa da ni. Tari kuma ya ƙaru, ina fitar da kaki mai duhu. Goro nake ci biyar ko shida a yini don bakina ya samu abin yi, ga shayi safe da dare.

Wani abokina a majalisa ya ce wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke lokaci guda ciwo ne zai kama shi, gara in riƙa shan kara ɗaya bayan la'asar. Gaskiya ne? Wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗa mini yaushe abin ke sauƙi.

Ma'aikacin lafiya, Garun Malam:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya. Abokinka ya yi kuskure, daina taba lokaci guda ba ya jawo ciwo. Abin da kake ji jikinka ne ke neman nikotin, sinadarin da ke cikin taba. Yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa. Kara 20 a kwali, kowanne kusan zuƙa 10, ka ga sau 200 ke nan a rana kana ba ta abin da ta saba da shi, shekara 19. Dole ta yi bore da aka janye.

Abin ya fi tsanani a kwana uku na farko zuwa mako guda, daga nan ya riƙa sauka, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu fushin da ciwon kan da rashin barcin sun lafa. Wato ka riga ka tsallake mafi wuyar. Kwaɗayin kansa zuwa yake ya tafi, ba ya wuce 'yan mintoci. In ya taso ka sha ruwa a hankali, ka tashi daga inda kake, ka ja numfashi mai tsawo, za ka ga ya sake ka.

Ina roƙonka ka kula da maganar goro, don a nan nake zargin barcinka ya tafi. Goro da ganyen shayi suna da kafin, abin da ke hana barci. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin kawar da kafin daga jiki, to yanzu da babu hayaƙin, goro ɗaya ya fi daɗewa a jininka fiye da da, kai kuma ka ƙara yawansa. Shi ma yana kawo bugun zuciya da rashin natsuwa. Ka rage shi sosai, bayan azahar kada ka taɓa shi, shayin dare kuma ka mai da shi na citta da kanumfari babu ganye.

Tarin kuwa, akwai wasu ƙananan gashi a hanyar numfashi masu share datti, hayaƙi ne ya kashe musu ƙarfi. Yanzu sun farfaɗo suna fitar da abin da ya taru. Amma in tarin ya haura mako biyu, ko ka ga jini, ko gumin dare da rama, ka je a gwada kakinka saboda tarin tibi, gwaji da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko baƙin cikin da ya kai ka ji rayuwa ta ishe ka, kada ka jira, ka zo. In kuma abin ya nemi fin ƙarfinka, akwai cingam ɗin nikotin da wanda ake mannawa a fata, a manyan kemis na cikin Kano ake nemansu, amma ka bari ma'aikacin lafiya ya nuna maka yadda ake amfani da su. Kada wani ya ba ka tiramol ko maganin barci da sunan taimako.

Direban kasuwar Wudil:

Ka gwada taba gari ko shisha mana, na ji an ce sun fi sauƙi.

Ma'aikacin lafiya, Garun Malam:

A'a malam, duk nikotin ɗin ne a ciki. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Dattijo daga Bunkure:

Ɗana, ni na sha shekara talatin, sau uku ina dainawa ina komawa, kuma duk ukun kara ɗaya ne ya mai da ni. Na ƙarshe a wajen biki ne, bayan wata biyu cur, na ce bari in ɗan taɓa. Kafin sati na koma sayen kwali. Abokin nan naka ba mugu ba ne, amma kada ka saurare shi.

Abin da na lura da shi, tabar tana da lokutanta: bayan cin abinci, wajen mai shayi, da in ka zauna hutawa a bakin hanyar ruwa. Ni da na gama cin abinci sai in miƙe in ɗauki asuwaki, ban yarda in zauna ba. Aljihuna ba ya rabuwa da aya da dabino. Majalisar da ake busa hayaƙi na ƙaurace mata wata guda, na gaya musu dalili, masu hankali suka fahimta. Kuma ka tuna kana azumin Ramadan tun daga asuba har magariba ba ka sha ba. Na yi ta azumin Litinin da Alhamis a watan farko, ya taimake ni ƙwarai.

Maman 'yan biyu, Kadawa:

Yaya, ka zaunar da maiɗakinka ka faɗa mata abin da ke faruwa. Lokacin da maigidana ya daina, na yi sati ina zaton wani laifi na yi masa, har kuka na yi a ɓoye. Da ya yi mini bayani sai na san yadda zan bi da shi. Yaron nan ma ka kira shi ka ba shi haƙuri. Don yawan cin kuma, a yawaita maka zogale da rama, suna taimakawa in ciki ya ɗaure.

Manomin rani, daga wajen Kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi maganarka, ba zan taɓa ko kara ɗaya ba in sha Allahu. Na dawo ne in sanar da ku yau kwana tara. Goro na mai da shi ɗaya da safe, kuma daren jiya na yi barci tun bayan isha'i har asuba, karo na farko. Na ba yaron haƙuri, na yi wa maiɗakina bayani, ita ce ma yanzu ke zuba mini aya a aljihu. Bayan cin abincin dare ne har yanzu nake shan wuya, sai in fita in zaga bayan gari in dawo. Tarin bai tsaya ba, in ya kai Juma'a mai zuwa zan je a gwada kakin kamar yadda malam ya ce. Kuɗin kwalin kuma kullum ina jefa shi a asusu, na auta ne.