Sanyin nan da ba ya jin magani: kowa ta faɗi nata

Mai ɗinki, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ina fama da ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Ƙwayoyin da mai shagon magani ya ba ni, har kati uku na shanye, abin sai gaba yake yi. Da na je asibiti aka ɗebi ruwan da auduga aka duba, nas ta ce kandida ce, wadda muke kira "wayit", kuma antibayotik ɗin nan su ke ƙara hura mata wuta. Maganin cusawa na kwana 6 ya raba ni da ita. Akwai wadda ta ga irin haka?

Hajiya, Asawase:
Ƙanwata, ke kin huta. Nawa ƙarni yake kamar kifi, kuma ni na jawo wa kaina. Kullum sai na wanke ciki da sabulu, in zauna a ruwan bagaruwa, wai tsafta. Likita ta ce ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin wurin na kora. Aka ba ni maganin Flagyl na kwana 7, aka hana ni cusa komai. Da tsohuwarmu ta ji, cewa ta yi likitocin yanzu ba su san aure ba.

Mai koko, Sawaba:
Ni shekara biyu ina tsine wa bandakin haya na unguwarmu. Sau uku ina warkewa yana dawowa. Ashe tirikomonas ne, cutar da ake ɗauka ta saduwa, maigida ke mayar mini, shi kuwa garau, ko alama babu. Mu biyu ne matansa, aka ce sai mu ukun mun sha magani tare, kuma a ɗaga ƙafa har mako guda. Nan ake yin ta! Ya ce shi ba ya ciwo, me zai kai shi layin mata? Sai da yayansa ya sa baki. Abokiyar zamana kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, a ganinta ni na kawo ciwon daga kasuwar Kejetia ta Kumasi.

Amarya, Tafo:
Anti, naku ma ya yi magana. Ni ban ji komai ba. Awo na je da katin inshorar lafiya na NHIS, cikin wata uku, aka ɗebi jini aka ce tunjere. Nas ta ce yana iya kashe ɗan a ciki, aka yi mini allurar penisilin. Takardar kiran mijina tana cikin jakata tun ranar Talata. Anti mai koko, da wane baki kika fara gaya wa naki?