Gwajin shafukan da ba kowa ke shiga ba

A wata tattaunawa kan yadda ake gwada shafukan yanar gizo masu buƙatar izini, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a tsaya kan mai izini kaɗai. A gwada mutum uku a kowane shafi: baƙon da bai shiga ba, mai asusun da abin ba huruminsa ba ne, da shugaba, wato mai kula da shafin. Baƙo a tura shi shafin shiga da lambar 302 (ɗaya daga lambobin da shafi ke amsa buƙata da su), ko a ba shi 401, wato sai ya shiga tukuna. Na biyun kuwa 403 ce amsarsa, wato an hana shi. In ka ga 200 a nan, wato shafin ya buɗe masa, da sake.

Wasu sun ce ɓata lokaci ne a riƙa cike kalmar sirri a kowane gwaji. Manhajojin gina shafuka da na gwada su na da hanyar tsallake wannan: Django na da force_login, Laravel na da actingAs, Playwright kuma yana adana zaman shiga ta storageState. Shafin shigar kansa a ware masa nasa gwajin.

Inda aka fi jan magana shi ne ɓoye maɓalli. Ɗauke maɓallin "Goge" daga idon ɗalibi a shafin makaranta, misali, bai hana shi aika buƙatar kai tsaye ba, don haka gwajin ya tura buƙatar gogewar (POST) da kansa, sannan ya leƙa rumbun bayanai ko an goge wani abu. Haka nan a shiga da asusun ɗalibi, a mayar da adireshin /sakamako/41 ya koma /sakamako/42, a ga ko sakamakon wani zai buɗe. A ganina nan aka fi sakaci, shi ya sa OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhajoji, ta sa raunin kula da izini a lamba ta ɗaya a jerinta na manyan haɗurran tsaro na 2021.