Likita ta ce ƙodata ta fara gajiya, ni kuwa babu inda ke min ciwo

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda abin nan ya taɓa samu ko ya samu wani nasu su ba ni labari. Ciwon kai ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na je asibiti, aka auna jinina aka ga ya hau sosai, sai likita ta sa aka ɗebi jini da fitsari, da sakamako ya fito ta ce wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini wai shi kiriyatinin ya ɗan yi yawa kuma akwai furotin a fitsarin, ƙodar ta fara gajiya. Ni fa wlh bayana lafiya lau, fitsari kuma ina yi kamar kullum. Ta yaya ƙoda za ta lalace mutum bai ji komai ba?

Maman biyu: Ɗan'uwa gode wa Allah da aka gani yanzu. Mahaifiyarmu ta yi shekaru da ciwon suga ba ta taɓa cewa bayanta na ciwo ba, abin da muka fara lura shi ne takalminta ya daina shiga, in ka danna ƙafar da yatsa sai rami ya zauna ya ƙi cikowa, da safe kuma fuska a kumbure, mu muna ta cewa Mama ta yi ƙiba. Ashe fitsarinta ya daɗe yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, kunya ta hana ta faɗa. Da muka je sai zancen wankin ƙoda, sau 3 a sati, awa 4 a kan injin. Wata nas ce ta zaunar da ni ta ce kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, suna mutuwa kaɗan kaɗan sauran suna ɗauke aikin, shi ya sa ba ka ji sai abu ya yi nisa.

Direban dogon zango: Toh ni nawa akasin naka ne Malam, tsakuwar ƙoda ce, ita kam ba ta sallama. Ina tuƙi na ji kamar an soka min wuƙa a kwiɓi, ciwon ya gangaro har mara, ga amai ga zufa, na tsaya na durƙusa na kwanta na miƙe duk babu sauƙi. Sikanin ya nuna milimita 4 kacal! Na ce likita wannan 'yar abar ce ta sa ƙato kuka? Ya yi dariya ya ce ai ta shiga siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ne, tsawonsa wajen santimita 25 zuwa 30, sai ta bi shi har ƙarshe. Ranar na san inda ƙoda take, da ni a ƙugu nake zatonta, sai ya dunƙule hannu ya ɗan buga min ƙasan haƙarƙarin ƙarshe ta baya na yi tsalle, ya ce ga ta nan, girmanta kamar dunƙulen hannun nan, ta dama ma ta ɗan fi sauka ƙasa saboda hanta ta danne ta. Bayan kwana biyar ina ta ɗirkar ruwa ta fito, na tare ta a rariya kamar yadda ya ce, baƙa ƙirin kamar kan ashana. Zama da ƙishirwa don kar in riƙa tsayawa a hanya ne ya ja min.

Ɗalibar jinya: Yaya, "ina fitsari kamar kullum" ɗin nan shi ke yaudarar mutane, na gani a ɗakin majinyata ba sau ɗaya ba. Ƙoda biyun suna tace ruwa wajen lita 180 a rana daga jinin da bai wuce lita 5 ba, wato zagayowa yake ta yi, sannan su mayar wa jiki kusan duka, abin da ke fita fitsari lita ɗaya zuwa biyu ne. To ruwa zai iya ci gaba da fita amma dattin yana zaune a jini, shi ne kiriyatinin ɗin ke nunawa. Kuma ba tacewa kaɗai take ba, ita ke aika wa ɓargo sinadarin da zai sa ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa masu ciwon ƙoda ke fama da ƙarancin jini, ita ke tayar da bitamin D ya yi wa ƙashi aiki, tana da hannu a daidaita hawan jini ma. Hawan jini ya ɓata ƙoda, ƙoda ta ƙara hawan jini, haka suke jan juna.

Maman biyu: Ƙanwata wlh yanzu na gane dalilin allurar ƙarin jinin da ake wa Mama.

Mai ƙoda ɗaya: Ni na ba ƙanena tawa ta hagu shekara 6 kenan. Abin da ya ba ni mamaki ba a cire masa nasa tsofaffin ba, suna nan, sabuwar a ƙasan ciki wajen mara aka dasa ta. Daren da za a shiga da ni tiyata tsoro ya kama ni, likitan ya ce tun 1954 aka yi dashen farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka, Dakta Joseph Murray ya yi wa wasu tagwaye, wanda ya bayar ɗin ya rayu har tsufa. Wadda ta rage min ta ɗan ƙara girma ta ɗauki aikin, ina zuwa awo duk shekara. Abu ɗaya da aka ja min kunne a kai, maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, kar in kuskura in sha barkatai.

Mai tambaya: Innalillahi. Yanzu na tashi na zazzage ledar magungunana, diclofenac ɗin ne fa nake sha wa ciwon kan nan kusan wata biyu, wani lokaci biyu a haɗe, kuma ban gaya wa likitar ba don ba ta tambaya ba. Jibi ne ranar komawata amma gobe da sassafe zan kai mata ledar gaba ɗaya.