Wanda ya taɓa zaman jiran shari'a ko yake da ɗan uwa a ciki, ya zo mu ji

Ɗan Kasuwar Waya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina wata bakwai kenan yana gidan yari, rigimar waya ce tsakaninsu da wasu samari amma aka rubuta fashi da makami, majistare ya ce ba shi da hurumi, a tsare shi sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Har yau yaron nan bai ga takardar abin da ake tuhumarsa da shi ba. Lauya ya je sau biyu, minti goma bai cika ba aka ce lokaci ya yi, gandiroba kuma na tsaye a kansu. To ta ina mutum zai kare kansa a haka dan Allah?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka taɓo min tsohon miki. Shekara ɗaya da wata huɗu na yi, ƙarshe aka ce ba ni da laifi in tafi, ko yi haƙuri ba wanda ya ce. Cunkoso da ƙazwa da gabza duk mutum yana sabawa wlh, a gefe ɗaya ake kwana, in za a juya sai kowa ya juya tare. Abin da ya fi cin raina shedata ce. Akwai mai shayin tasha da ya san a rumfarsa na kwana ranar da abin ya faru, ina ciki ba waya ba biro ba takarda, kafin lauya ya neme shi ya tattara ya koma Legas. Ranar kotu kuma ka yi wanka tun asuba ka zauna a ce mota ba mai, alƙali ya ga ba a kawo ka ba ya ɗage wata guda. Ga yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021 ya zo ya cinye mana wata biyu. Wanda aka yanke wa hukunci ya fi mu kwanciyar hankali sbd shi yana ƙirga kwanakinsa, mu me za mu ƙirga.

Maman Yara: Yaya Allah ya fito da shi. Ni da maigidana yana ciki ni na zama 'yar aike, lauya ya faɗa min tambayoyi in haddace, in je ziyara in tambaye shi ta taga ana ta hayaniya, in dawo rabin amsar ta zube. An ba da beli fa amma wai sai babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili, mu ina muka san irin su, wata uku muna yawo.

Lauyan Unguwa: Malam sannu da haƙuri. Sashe na 36(6) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla da yaren da yake ji, a ba shi isasshen lokaci da abin da zai shirya kariya da shi, haƙƙi ne ba alfarma ba. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta yadda ake tafiyar da shari'ar laifuka, ita ma kwana 14 ta ba umarnin tsarewa na farko, in za a ƙara sai an koma gaban kotu da dalili, jihohi kuma sun yi irin tasu, ta Kano 2019. Amma kar in yaudare ka, maganar a saki mutum bayan wata biyu da ke sashe na 35 ba ta shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba, fashi da makami na ciki. Lauyanku ya nemi beli a babbar kotu, ya kuma bi fayil ɗin da ƙafa, sau da yawa za ka tarar bai ma bar hannun 'yan sanda ba. In ba kuɗi akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya, kyauta ne. A kuma yi ƙoƙari sunansa ya shiga jerin da ake miƙa wa babban jojin jiha in ya zo zagayen gidan yari.

Tsohon Direba: Abu ɗaya zan ƙara, shedunku ku karɓi lambarsu da ta 'yan uwansu tun yau.

Ɗan Kasuwar Waya: Ngd sosai barista, wlh ban ma san fayil na iya maƙalewa tun can ba, mu muna ta jiran ma'aikatar. Litinin in sha Allah zan tasa lauyan a gaba mu je mu duba. Baba direba akwai mai faci da abin ya faru a gabansa, yanzu zan fita wajensa.