Daga jin a Saudiyya kike sai magana ta canza: kowa ya faɗi abin da ya gani

Haifaffiyar Jidda:
Assalamu alaikum. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, na ce bari in ji ko ni kaɗai ce. Wata huɗu muna magana da wani ɗan Kano da muka haɗu a Facebook ta hanyar ƙawata. Mutum mai natsuwa, har ya fara zancen turo magabata. Tun farko ya san ina Saudiyya, ashe shi a zatonsa karatu ya kawo ni. Ranar da na ce masa a unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, kakata ce ta zo aikin hajji ta zauna, sai ya yi ɗif. Can ya rubuto, "Au, ashe Takari ce," ya haɗa da hoton dariya. Bayan kwana biyu ya ce Hajiyarsa ta rantse ba za a kawo mata 'yar Kano-Jidda gida ba. Ni ko filin jirgin Malam Aminu Kano ban taɓa gani ba. Mata da maza, wanda ya taɓa neman aure da mutumin gida ta waya ya ba mu labari.

Maman 'Yan Biyu, Makka:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki gode Allah naki ya nuna hali da wuri. Ni nawa bai gudu ba, liƙewa ya yi. Da mijina muka zo, Allah ya yi masa rasuwa a nan, na kama aikatau a gidan wasu Larabawa, da igamata, wato takardar izinin zama, da komai. Wani ya same ni a WhatsApp, kullum da asuba sai ya turo addu'a, yana Hajiyata, Hajiyata. Ya ce shi zawarci bai dame shi ba, burinsa ya zo umara mu ga juna a ɗaura a Harami. Na tura riyal 1,500 a fara maganar biza. Sai mahaifinsa ya kwanta asibiti, na ƙara. Sai aka ɗauke masa babur. A na uku ne na ce babu, nan take ya ce dama an faɗa masa matan Saudiyya idonsu a buɗe yake, wa ya san ta inda nake samun kuɗin. Kuɗin da ya ci bai tambayi asalinsu ba sai da suka yanke.

Direban Gida, Riyad:
Anti, Allah ya mayar miki da alheri. Amma kada a ɗauka mu maza muna cikin daula. Ni daga na ce ina Riyad na zama Alhaji, alhali shekarata ta farko ko Makka ban leƙa ba. Yarinyar da nake nema a Zariya lissafinta ɗaya ne: ta ji riyal ya haura naira 350, sai ta ninka albashina ta ga miloniya. Abaya, turare, dabinon ajwa, waya, har da sarƙar gwal ta ƙanwar mamanta. Na yi ta bayani cewa igamar direban gida ba ta ba ni damar ɗauko iyali, waɗanda ma tasu ta ba su dama riyal 400 suke biya duk wata a kan kowane mutum ɗaya. Ta ce rowa ce. Rannan na ɗauki hoton ɗakina na bakin ƙofar gidan kafilina, wato ubangidana, na tura mata, katifa da fanka da risho. Tun ranar sallama ma sai na yi sau uku.

Haifaffiyar Jidda:
Yaya, na tausaya maka, amma ba ɗaya ba ne. Kai aljihunka aka yi wa mummunan lissafi. Ni tarbiyyar gidanmu aka taɓa.

Ɗalibi a Madina:
Gaskiya ta faɗa, kuma ni da kaina zan ba da shaida a kaina. Mu ɗaliban Jami'ar Musulunci kasuwarmu a buɗe take. Ka saka hoto ɗaya a gaban masallacin Annabi (SAW), ka ga saƙonni: Ustaz a saka mu a addu'a, Ustaz akwai wata ƙanwata mai hankali. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake yi bayan isha'i. Kuma da wannan kallon na baro gida, cewa duk Bahaushiyar da ke zaune a nan ko bara take ko abin da ya fi bara muni, don abin da na tashi ina karantawa ke nan a ƙarƙashin kowane bidiyo. Wani Ramadan muka je umara kuɗinmu ya ƙare, wata tsohuwa a Sharar Mansur ta ciyar da mu mu biyar har kwana shida, da kunu da ƙosai kamar a Fagge. Jikokinta mata biyu mahaddata ne, ɗaya ta gyara mini karatu ta bayan labule. Na ji kunya ranar.

Abin mamaki, idan ɗan ƙwallo ne mai suna Hausawi, kamar Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018, sai ka ga ana yaɗawa, namu ne, jininmu ne. To shi ba mace ce ta haife shi a Makka ba?

Dattijon Misfala:
'Ya'yana, bari tsoho ya saka baki. Shekarata 40 da ɗoriya a garin nan na Makka, ba zan ce muku zancen ba shi da tushe ba. Mun ga 'yan mata da aka kawo da bizar umara aka ce aiki na jiransu, aka karɓe fasfo aka watsar da su. Mun ga masu bara da yara a hanyar Harami. Mun ga kamen marasa takardar zama na 2013, aka cika tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, da mutanenmu aka kwashe su zuwa gida. Duk an yi. Sai dai ejan ɗin da ya kawo yarinyar namiji ne, yana can gida ana ce masa Alhaji, yana sahun gaba. Kuɗin da ta share shekara goma tana wanke-wanke ta tura, da su aka yi rufin gidan, da su aka yi wa ƙaninta lefe. Ranar da ta sauka da jakar leda ɗaya sai ta zama abin kunyar dangi. Na san irin haka ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ku tuna 2012 ma, da aka tsare mata alhazan Najeriya sama da 1,000 a kan rashin muharrami. Halastattun alhazai ne da kujerarsu, amma ku ji irin maganganun da aka yi ta yi a kansu a gida.

Amaryar Katsina:
Ni nawa ya yiwu, kada a ce duka ɓaci ne. A Makka na tashi, a Instagram muka haɗu, kawunsa da ya zo hajji ya je har gidanmu ya ga iyayena, aka ɗaura. Mijina ba ruwansa. Dangin miji ne aiki. Ranar da na tare, mata suka cika ɗaki suna jiran a buɗe akwati su ga gwal, da ba su ga mai yawa ba aka fara ƙus-ƙus wai ɓoyewa na yi. Hausata kuma ta zama abin wasa, in na ce "halas" ko "yalla" sai yara su kwashe da dariya. A can Balarabe ya ce mini Takaruniya, a nan a ce mini Balarabiyar ƙarya. Da na ce zan tuƙa mota kuwa, wata gwaggo cewa ta yi ai ga irinta nan. Na ce Gwaggo, can ɗin ma sai 2018 aka bar mata suka fara tuƙi, a Katsina na koya, ɗanku ne ya koya mini. Yanzu ita nake kaiwa asibiti duk Laraba.

Haifaffiyar Jidda:
Na gode muku duka, Baba Allah ya ƙara girma. Ga sabon labari: mutumin ya dawo jiya da daddare, da doguwar sallama da ban-haƙuri, wai sharrin shaiɗan ne. Na yi shiru ina karantawa. A ƙarshe ya ce akwai wani maƙwabcinsu da zai taso daga Jidda ranar Asabar, ko zan taimaka in ba shi abaya baƙa mai lamba 56, ta Hajiyarsa.