Madara tana yin guda-guda a firji amma ba ta yi tsami ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayen madarar shanu daga rugage, ina ɗumama ta a digiri 63 na tsawon minti 30, in sanyaya, in ɗura a robobi. Bayan kamar mako biyu a firji sai ta tsinke, ta yi guda-guda da ɗan ɗaci, alhali babu tsami. Ko in ƙara zafin ne zuwa digiri 80?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ƙara. Alamar da kika faɗa ta ƙwayoyin bakteriya masu ƙwanso ce, dangin Bacillus da Paenibacillus. Idan yanayi ya yi musu tsanani sai su naɗe cikin ƙwanso mai tauri, digiri 63 bai isa ya kashe su ba, haka 72 na daƙiƙa 15, haka ma 80. An ma lura cewa ƙarin zafin kan farkar da su, ya kuma kawar da sauran ƙwayoyin da ke gogayya da su, sai madarar ta fi saurin lalacewa. Wasunsu, kamar Bacillus weihenstephanensis, suna hayayyafa ko a digiri 6. Sinadaran da suke fitarwa ne ke farfasa furotin, shi ya sa take daskarewa ba tsami, ɗacin ma daga nan yake. In kin ga maiƙon yana tashi ƙanana-ƙanana a kan shayi, aikinsu ne. Abin da ke kashe ƙwanson shi ne digiri 135 zuwa 140 na 'yan daƙiƙu, irin na madarar kwali, wannan kuwa sai babbar masana'anta.

Injiniyan injinan madara: Kafin a ɗora wa masu ƙwanson laifi, Hajiya ki yi gwaji. Ɗebi madara kai tsaye daga tukunyar ɗumamawa ki zuba a kwalbar da aka tafasa, ki ɗauki roba ɗaya cikin waɗanda aka ɗura, ki ajiye su wuri guda. In ta robar ta riga lalacewa, cikin kwana 7 zuwa 10, to datti ne ya shiga bayan ɗumamawa, galibi wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Pseudomonas daga famfo, tiyo ko ruwan ɗauraya. In tare suka lalace bayan kwana 14, masu ƙwanson ne.

Wankin kayan aiki kuma: fara ɗauraya da ruwa mai ɗumi, kamar digiri 40, domin tafasasshen ruwa manne furotin yake yi a jikin ƙarfe. Sai sodar wanki kashi 1 cikin 100 a digiri 70 na minti 15, da safar hannu, a ɗauraye sosai. In tukunyar ta alminiyam ce kar soda ta taɓa ta, cinye ta za ta yi. A riƙa kwance famfo ana duba robobin da ke cikinsa, nan ƙwayoyin suke maƙalewa.

Malamin dabbobi: Asalin masu ƙwanson ƙasa ce, da kashin shanu da ƙurar abinci. Da damina hantsa tana shan taɓo a turke, nan ne suke yawaita. A wanke kan nonon, sannan a tsane shi da busasshen ƙyalle, kowace saniya da nata. Wanki ba tsanewa ya fi rashin wankin muni, don ruwan dattin cikin ƙwarya zai ɗiga. A zubar da tatsar farko, a rufe mazubi. Tacewa da ƙyalle gashi da haki kawai take cirewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Firjin nawa da dare ba ya samun wuta sai asuba. Hakan na da tasiri?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Babba ma kuwa. Saka ma'aunin zafi cikin robar ruwa a firjin, ki duba da asuba kafin wuta ta dawo. Ana so kada ya haura digiri 4. In yana kaiwa 8 ko 10, rage wa'adin da kike rubutawa zuwa kwana 5 ko ƙasa, ki cika gefen firjin da robobin ƙanƙara. Wadda ta tsinke kuma a zubar, kar a mai da ita kindirmo, domin a dangin akwai Bacillus cereus mai sa amai da gudawa, kuma gubarsa ta amai ba ta mutuwa da tafasa.