Wane suna za mu ba “concept art” da Hausa?

Ƴan'uwa masu zane a kwamfuta da waya a nan Maradi, tunda mun ɗauki al'adar yin zane ɗaya kowace rana, irin tsarin Inktober da Jake Parker ya fara a Amurka a 2009, ya kamata mu tsayar da sunan “concept art” da Hausa, domin har Faransawa ma aron kalmar suka yi daga Turanci.

Abin da ake nufi shi ne zanen da ake yi kafin a haɗa fim ko wasan kwamfuta, wanda zai nuna wa sauran ma'aikata yadda wuri zai kasance: inda haske ke fitowa, abin da ke gaba, abin da ke tsakiya, da abin da ya yi nisa har launinsa ya dusashe. Ba don a rataye shi a bango ake yin sa ba, don a yi aiki da shi ne. Irin wannan mai zane Ralph McQuarrie ya zana wa fim ɗin Star Wars a 1975, kafin fitowarsa a 1977.

Wani ɗan'uwa ya kawo “zanen tunani”, amma kowane zane daga tunani yake fitowa. “Taswira” kuwa ta riga ta zama ta ƙasa da hanyoyi, “zayyana” kuma ado ce, kamar ta allon mai sauka. Wadda na fi ƙi ita ce “zanen muhalli”, saboda duk wanda ya ji ta a rediyo, hamada da dashen itatuwa zai tuna.

Ni dai “zanen fasali” na zaɓa, domin fasali shi ne siffar abu da yadda sassansa suka zauna, kuma kalmar tana karɓar ƙari ba tare da wahala ba: fasalin wuri, fasalin mutum, fasalin kaya. Wanda ya buɗe manhajar zane ta Krita ya zana tsohon garin Maradi a bakin Gulbi, yadda yake hasashensa kafin ambaliyar 1945, zanen fasalin wuri ya yi.

“Zanen share fage” ma yana da daɗin faɗa, sai dai masu ƙwallo sun riga mu. Aikin namu na kowace rana kuwa, kada a kira shi gasa, tunda babu alƙali; “zanen kullum” ya wadatar. Wanda ke da ja a kan “fasali” ya kawo tasa kalmar a cikin cikakkiyar jimla, mu ji yadda take zama a baki.